Kafin a ƙara wa jariri jini, a fara auna na uwarsa

A asibitocinmu, da zarar likita ya ce jariri na buƙatar ƙarin jini, ko don shawara ta yi masa tsanani ko don bakwaini ne, sai uba ya miƙa hannu, dangi su ce a gaggauta. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya nemi jinin mai jego, a ga kamar jan lokaci yake yi. Alhali a kan wannan gwajin na uwa lafiyar jaririn ta rataya, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Jikin babban mutum yana ƙera sinadaran garkuwa masu yaƙar jinin da ba irin nasa ba, abin da Karl Landsteiner ya gano a 1901 har ya raba jini zuwa rukuni-rukuni. Jariri kuwa da wuya jikinsa ya ƙera su kafin ya cika wata 4. Waɗanda ke yawo a jininsa na uwarsa ne, sun ratso ta mabiyiya tun yana ciki. Saboda haka sanin rukuninsa kaɗai bai wadatar ba. Jariri mai rukunin A wanda uwarsa ke O, idan aka ƙara masa jinin A, garkuwar uwar na iya farfasa sababbin ƙwayoyin, shi ya sa akan zaɓa masa O. Haka uwa mai jinin Rh negetif da ta taɓa ɗaukar cikin mai fozitif tana iya ɗauke da garkuwar da za ta cinye jinin jaririn. Gwajin Coombs, da aka samar a Ingila a 1945, yana nuna ko garkuwar ta riga ta manne wa ƙwayoyinsa. Kuma jinin jariri mai kilo 3 bai wuce mililita 250 ba sosai, don haka ɗibar jinin gwaji daga jikin uwa sauƙi ne gare shi.

Wani zai ce ai jinin uba ya fi dacewa da ɗansa. A nan ne haɗarin yake, domin abin da garkuwar uwa ke yaƙa a jikin jaririn daga uban ya gado shi. Ƙara masa jinin uban ba tare da gwaji ba na iya zama ƙara wa wuta fetur. Wani kuma zai ce idan rai na hannun Allah babu lokacin jira. Gaskiya ne, kuma domin irin wannan hali ake ajiye jinin O negetif. Amma yawancin jarirai masu shawara suna samun sa'o'in da ake haska su da fitilar magani, kuma gwajin ba ya cin fiye da haka. Maganar kuɗi ma tana da nauyi, sai dai kuɗin gwaji bai kai ɗawainiyar yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ya tashi kurma ko gaɓoɓinsa a sanƙare, ba.

Gyaran yana farawa daga awon ciki. Kowace mai ciki ta san rukunin jininta, mai negetif kuma da ta haifi fozitif a yi mata allurar anti-D, mai hana jikinta ƙera waccan garkuwa, cikin sa'o'i 72. Idan za a tura jariri babban asibiti, a haɗa shi da uwarsa ko da samfurin jininta. Hukumar kula da jini ta Najeriya, wadda dokar 2021 ta kafa, da ma'aikatun lafiya na jihohi su wajabta wannan gwaji, su wadata asibitoci da kayan yin sa. Iyaye kuma, idan an nemi jinin mai jego, ku bayar ba tare da gardama ba.