Bututun kilim ɗin da ya ƙi fita

A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, kilim ɗin tsohuwar motata ya daina sanyi. Na duba, na ga maiƙo a inda bututun alminiyam ke shiga kwandansa, wancan ƙarfe mai kama da radiyeta da ke gaban mota. Albashin malamin makaranta kun san shi, don haka ranar Asabar na ce bari in gyara da kaina a ƙofar gida. Noti guda ne ke riƙe da bututun. Na ɗauko sufana mai lamba 10.

Ina cikin haka wani tsohon ɗalibina ya zo wucewa. Ya bar kwaleji tun yana aji biyu, yanzu yana koyon aiki a gareji. Ya gaishe ni, sannan ya ce: "Malam, Allah ya gafarta maka, an janye gas ɗin kuwa?" Na ce ai ya tsiyaye. Ya ɗauko agogon awo ya ɗaura, allura ta tashi. Da na kwance notin nan, da gas ya feso mini a fuska. R134a da ke cikin irin waɗannan motoci yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Idan ya taɓa fata ko ido, sanyinsa yana ƙuna kamar wuta.

Muka kai motar wurin maigidansa aka janye gas, muka dawo. Noti ya fita, bututu ya ƙi. Na ɗauko filaya da guduma, ya riƙe hannuna. Ya ce alminiyam ba ya son ƙarfi: ka matse shi ya lotse, ka murɗe shi ya tsage, daga sayen zoben roba ka koma sayen bututu da kwandansa. Ya nuna mini farar tsatsar da ta cika mahaɗin, da zoben roba da ya bushe ya manne. Ya fesa man sassauta tsatsa, muka zauna muka sha shayi. Ya sake fesawa. Sannan ya kama kan ƙarfen mai kauri, ba jikin bututun ba, yana girgiza shi kaɗan-kaɗan yana ja a miƙe. Bayan kamar awa guda ya fito lafiya. Nan take ya toshe bakunan biyu, domin ƙura da laima su ne ajalin kwamfaresa. Ya sa sabon zobe da ya shafa wa man kwamfaresa, ya ce kafin a zuba gas sai an zuƙe iskar ciki da inji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan na taɓa karanta shi. Matsin iska, tafasar ruwa, yadda ƙarafa biyu mabambanta ke cin juna idan laima ta shiga tsakaninsu. Na karanta a takarda, na ci jarrabawa, amma ranar nan bai zo mini ba. Shi kuwa da muka rubuta wa "ba ya ƙoƙari" ya san shi a hannu.

Sai dai da na tambaye shi me ya sa ba a gasa mahaɗin da wuta, ya ce haka maigidansa ya hana, bai san dalili ba. Dalilin kuwa shi ne alminiyam yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba, kuma ragowar gas idan ta haɗu da wuta tana zama guba. Wannan aikinmu ne mu koya masa, ba mu koya ba.

Don haka ina roƙon abu biyu. Iyaye, mu daina yi wa yaro barazana da "in ka faɗi, gareji zan kai ka". Idan hannunsa ya fi kansa son aiki, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai kuma makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a nan Maraɗi. A kai shi da daraja, ba da fushi ba. Ƴan'uwa malamai, ko sau ɗaya a shekara mu shigo da tsohon bututu aji, ko mu gayyato makanikin unguwa ya yi bayani, mu kuma mu ƙara da dalili.

Kilim dai yana sanyi yanzu. Da na miƙa wa yaron kuɗi, ya ƙi karɓa, ya ce: "Malam, ai kai ka koya mini karatu."