Kiret ɗin ƙwai da darasin sau a makarantun Jos

A makarantun firamare da dama a Jos, haddar jadawalin sau ita ce farkon darasin ninkawa, kuma sau da yawa ita ce ƙarshensa. Yara su rera da Turanci, malami ya buga tebur, a tashi. Idan aka ce wa ɗaya daga cikinsu ya raba goro ashirin da huɗu ga mutum shida, sai ya yi shiru, alhali yanzu ya gama rera cewa shida sau huɗu ashirin da huɗu ne.

A Kasuwar Farin Gada kuwa, yarinyar da ke taya mahaifiyarta kasa tumatir ba ta kuskure. Ta san kwando guda kashi nawa zai bayar, ta san abin da za a yi da ragowar biyun da ba su cika kashi ba. Wannan ba yabon talla ba ne. Wurin yarinyar nan aji ne. Amma hannunta ya riga ya koyi abin da allo ya kasa koya wa sa'o'inta, kuma ya kamata a tambayi dalili.

Masanin nan ɗan Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana tun shekarun 1960 cewa yaro kan fahimci abu ta hanyar taɓawa, sannan ta hoto, kafin ya kai ga alamar da ake rubutawa. A kan wannan tunani Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare. Mu kuwa daga alamar muke farawa, mu tsaya a nan.

Kayan aikin ba su da tsada. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne, kowanne da gurbi shida. Yaro ya cika shi da tsakuwa, ya ƙirga talatin, sannan ya juya kiret ɗin ya ga layi shida masu gurbi biyar, talatin ɗin ba ta canza ba. Ya gano da idonsa cewa biyar sau shida daidai yake da shida sau biyar, wanda ya rage masa kusan rabin nauyin haddar. A ba yara huɗu marfin kwalba goma sha huɗu su raba: kowa zai samu uku, biyu su yi saura, gardama ta kaure. A cikin gardamar nan ake koyon ma'anar ragowa. Ga kuma wata fa'ida a gari irin Jos, inda ɗan Berom da ɗan Afizere da Bahaushe da Ibo ke zaune a benci ɗaya: tsakuwa bakwai bakwai ce ko da wane harshe aka ƙirga ta.

Masu cewa hadda dole ce suna da gaskiya. Ɗan aji biyar da ke ƙirga duwatsu kafin ya faɗi bakwai sau takwas an cuce shi. Batun na jeri ne: fahimta a gaba, hadda ta biyo. Ƙorafin malamai ya fi nauyi, domin aji mai cunkoso da marafan kwalba a hannun kowa hayaniya ce, kuma jami'in duba makarantu na iya shigowa ya ɗauka wasa ake yi.

Nan ne maganar ta iso teburin ma'aikatan Abuja. Dokar 2004 ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun haɗaka na Gwamnatin Tarayya, kuma idan aka ce kayan koyarwa, hankali kan tafi ga kwangilar kwalaye da za su ƙare a kulle a ofishin hedimasta don tsoron kada su ɓace. Kuɗin ya fi amfani a wajen horar da malamai, a Gindiri da Pankshin inda ake yaye su, kan yadda za su kasa aji rukuni-rukuni su bi kowane rukuni da tambaya. Sai hukumar SUBEB ta Filato ta sauya abin da jami'anta ke dubawa. Maimakon leƙa littafin darasi kawai, jami'i ya kira yara uku daga aji uku, ya zube musu tsakuwa goma sha takwas, ya ce su raba daidai, sannan su rubuta abin da suka yi a allo.