Digiri na Uku a Kimiyyar Siyasa: Ina Matsayin Harshe?

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan kuwa shi ne tunanin da ya sa wasu jami'o'i, musamman na Amurka, suka buɗe wa ɗalibin digiri na uku a kimiyyar siyasa ƙofa ya haɗa fanninsa da wasu fannoni, kamar tarihi, da shari'a, da ilmin zamantakewa, da ilmin tsimi da tanadi. Tunani ne mai kyau, domin siyasa ba ta tsiro ita kaɗai a fili. Amma fa akwai wani giɓi a cikin sharuɗɗan digirin wanda ya kamata a tsaya a duba.

Ga yadda tsarin yake a Amurka. Ɗalibi yakan shafe kimanin shekara biyu yana ɗaukar darussa a aji. Daga nan sai babbar jarrabawa, a rubuce, sau da yawa har da ta baka, galibi a rassa biyu na fannin, watau kamar siyasar kwatance da hulɗar ƙasashe. In ya haye, sai ya gabatar da tsarin bincikensa ga kwamitin malamai. Bayan sun amince ne zai fita bincike, ya rubuta kundi, sa'an nan ya kare shi a gabansu. A Ingila kuwa nauyin yana kan kundin ne da kare shi da baka a gaban mai jarrabawa na gida da na waje.

Giɓin yana wajen sharaɗin harshe. A da, jami'o'in Amurka kan tilasta wa ɗalibi ya ci jarrabawar karanta baƙon harshe, galibi Faransanci ko Jamusanci. Daga baya sassa da dama suka yarda ya musanya harshen da darussan ƙididdiga. Babu mai musun amfanin ƙididdiga. To amma alƙalami yana iya nuna yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a, ba ya iya faɗin abin da aka gaya musu a dandali har suka jefa ta.

A ɗauki siyasar ƙasar Hausa misali. Wanda zai nazarci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tilas ya san nauyin kalmar talaka da ta sawaba a kunnen masu saurare. Tilas ya karanta waƙoƙin Sa'adu Zungur, ya bi shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Haka kuma mulki da iko da sarauta ba abu ɗaya ba ne ga Bahaushe, ko da tafinta zai cusa su cikin kalma guda. Manazartan da ayyukansu suka daɗe ana amfani da su sun gane haka. John Paden ya dogara ƙwarai da rubuce-rubucen Hausa da na Larabci a littafinsa na 1973 kan addini da siyasar Kano. Murray Last kuma, ko da yake masanin tarihi ne, da takardun Larabci na gidan Wazirin Sakkwato ya gina littafinsa na 1967 kan Daular Usmaniyya.

Wani zai ce kayan sun yi wa ɗalibi yawa, ga darussa, ga jarrabawa, ga kundi. Gaskiya ne. Sai dai shirin da ke alfahari da haɗa fannoni bai kamata ya fara sauke harshe ba in kaya sun yi nauyi, domin da harshe ake shiga duk sauran fannonin.

Saboda haka abu biyu suka dace. Na farko, duk wanda zai rubuta kundi a kan wata al'umma a jarraba shi a harshenta, karatu da magana, kafin a sallame shi zuwa bincike. Na biyu, a sa masanin wannan harshe cikin kwamitin da zai saurari kare kundin. Ɗaliban Sashen Hausa kuwa su san cewa waƙar siyasa da tsohuwar jarida da suke nazari hujjoji ne da masanin siyasa ba zai wadatu ba sai da su. Wanda ya ji labari ta bakin tafinta, rabin labarin ya ji.