Maganin Likita Haƙƙinmu Ne, Amma Sai An Kiyaye

Jama'a, akwai wata magana da muke ta kewaye ta a zaurukanmu na Sabo da Agege da Idi-Araba da Ama Hausa, alhali tana cin mu ta fuska biyu. A gefe ɗaya ga matasanmu 'yan acaba da 'yan dako da tiramadol da kodin suka kama, a ɗaya gefen kuma ga dattijo mai ciwon daji ko yarinya mai amosanin jini suna kwana da nishi, sun ƙi karɓar maganin da likita ya rubuta don kada a ce su ma sun shiga sahun 'yan ƙwaya. A ganina dukkan su biyun an tauye musu haƙƙi, kuma mu da kanmu muna da hannu a ciki saboda kunya da rashin tambaya.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan asibiti dangin ofiyom suke sha ba da izinin likita ba. Shiyyar Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Ke nan annobar ba ta wata ƙabila ba ce kamar yadda wasu ke jifanmu da ita, amma dai a tsakiyarta 'ya'yanmu ke tashi. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, sai dai hanin bai warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba ba.

A nan ne maganar metadon ta shigo. Magani ne dangin mofin da aka fara haɗawa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930 don kashe zafin ciwo. A shekarun 1960 likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa idan aka ba mai shan hiroyin shi sau ɗaya a rana, ƙishirwar ƙwayar takan kwanta, ya iya komawa bakin sana'arsa. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da ɗan uwansa bufrenofin, cikin jerin muhimman magunguna. Wasu za su ce ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne kawai. Na fahimci wannan tsoro, amma akwai bambanci tsakanin abin da likita ya auna ya bayar yana bibiya, da tiramadol mai lamba 225 da ake saya a bakin tasha, alhali 50 da 100 kawai hukumar NAFDAC ta amince da su. Ba kowane asibiti ake samun metadon ba a ƙasar nan, kuma ba kowane mai shaye-shaye ya dace da shi ba. Likita ne zai duba ya yanke. Wanda ke neman a raba shi da ƙwaya yana iya farawa daga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Yaba, da Aro a Abeokuta, da Uselu a Benin, da na Inugu da Kalaba.

To amma maganin yana da sharuɗɗa, kuma saɓa su na iya kai mutum kabari. Metadon yakan kwantar da ciwo na awa 4 zuwa 8 ne kawai, alhali yakan kwana ya wuni a cikin jini, wani lokaci fiye da haka. Mutum sai ya ji ciwo ya dawo ya ƙara wani, na jiya bai fita ba na yau ya hau kansa, a kwana na uku ko na huɗu numfashi ya tsaya cikin barci. Shi ya sa makonni biyu na farko suka fi haɗari, kuma shi ya sa likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali. Kada a ƙara ko da rabin ƙwaya ba da saninsa ba. Kada a haɗa shi da giya, ko baliyam, ko roci, ko wani maganin barci. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya, domin rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan cutar ƙanjamau sukan rage masa ƙarfi, wasu kuma sukan haɗu da shi su dagula bugun zuciya. Kada a yanke shi rana ɗaya, kuma wanda ya yi kwanaki bai sha ba kada ya koma kan adadinsa na da sai ya ga likita. Mai hawa babur ko tuƙa mota ya dakata har jikinsa ya daidaita.

Iyaye mata, wannan taku ce musamman. Mu da muke zaman haya, ɗaki ɗaya da yara shida, kwalbar magani a kan taga tamkar wuƙa ce a hannun yaro. Abin da babba ya saba sha a rana yana iya kashe ƙaramin yaro da kurɓi ɗaya. A kulle shi a akwati, kada a juye shi a gorar lemo. Haka kuma al'adarmu ta taimakon maƙwabci da ragowar magani ba ta da wuri a nan. Idan kuka ga mutum ya yi barcin da ba ya tasuwa, yana minshari mai nauyi, numfashinsa na ja da baya, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti. Akwai allurar naloksan da ke farfaɗo da shi, sai dai ƙarfinta yakan ƙare kafin na metadon, don haka ko ya farka dole ya zauna a gaban ma'aikatan jinya.

Duk waɗannan sharuɗɗa ba su da amfani ga wanda bai ji abin da aka faɗa masa ba. Na taɓa raka wani maƙwabcina asibiti, likita ya yi masa bayani da Turanci yana ta gyaɗa kai, da muka fito ya tambaye ni sau nawa aka ce ya sha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa majiyyaci bayanin ciwonsa da maganinsa, ta kare sirrinsa, ta kuma hana a mayar da wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Saboda haka ka tambaya har sai ka gane, ka je da tafinta in da hali. Matambayi ba ya ɓata. Ka kuma riƙe takardar likita da katin asibiti tare da maganin cikin mazubinsa na asali, musamman a kan hanyar zuwa gida, domin su ne shedarka a shingen 'yan sanda ko jami'an NDLEA.

Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyarmu su ware matasa masu jin Turanci da yaren gari waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya, su kuma gayyato likita ko mai haɗa magani taronmu na wata. Mu daina ɗaure yaro da mari muna kiran hakan magani, mu daina barin tsofaffinmu suna mutuwa cikin azabar da asibiti ke da maganinta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a.