The Crucible: Darasin Salem Ga Masu Saurin Tura Labari

Jama'a, yau ba maganar sabuwar waƙa ko wa ya auri wa za mu yi ba. Akwai wani wasan kwaikwayo da ɗaliban adabi ke karantawa a ƙasashe da dama, sunansa The Crucible, wanda Arthur Miller ɗan Amurka ya rubuta a 1953. An mayar da shi fim a 1996, Daniel Day-Lewis ya fito a John Proctor, Winona Ryder kuma a Abigail Williams. Wallahi duk wanda ke riƙe da waya a hannu ya kamata ya kalle shi.

Labarin ba ƙirƙira ba ce zalla. A 1692, a garin Salem da ke Massachusetts, wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu wai mayu sun kama su. Aka fara da wata baiwa, Tituba, sai abu ya zama gobarar daji. An zargi mutum sama da 200, aka rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani dattijo, Giles Corey, ya ƙi cewa uffan a gaban kotu, aka riƙa ɗora masa duwatsu har ya cika.

To ga inda abin yake da ban tsoro. Kotun ta yarda da shaidar da babu mai iya gani: yarinya ta ce kurwar wance ta zo mata da dare, shi ke nan an samu hujja. Sannan wanda ya amsa laifin maita ya ambaci sunan wasu, galibi shi ke tsira. Wanda ya dage cewa bai yi ba, shi ake ratayewa. Ka ga ke nan ƙarya ta zama hanyar tsira, gaskiya kuwa ta zama igiya a wuya.

Miller bai tono wannan tarihi don nishaɗi ba. A lokacinsa, guguwar farautar 'yan kwaminisanci ta zamanin Sanata Joseph McCarthy ta mamaye Amurka, har ta shiga Hollywood. Marubuta da 'yan wasa da yawa sun rasa aiki saboda kawai an ambaci sunansu. Darakta Elia Kazan, abokin Miller, ya ba kwamitin majalisa sunayen mutane a 1952. Shi kuwa Miller da aka kira shi a 1956 ya ƙi ambaton kowa, aka same shi da laifin raina majalisa, sai a 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Kada ka ce ai wannan can ne. A 2023, ihun "an sace min mazakuta" ya karaɗe Abuja, aka lakaɗa wa mutane duka kan gaisawa da hannu kawai. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, taron jama'a ya kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin sallah, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Babu alƙali, babu bincike. Ga kuma tsofaffin mata da har gobe ake jefa wa kalmar mayya idan yaro ya kwanta ciwo.

Mu masoya fim da waƙa ma ba mu fita ba. Hoton hira da ba a san tushensa ba, ko muryar da aka yanko, sun isa a gama da mutuncin jaruma kafin magariba a TikTok da Facebook. Wanda ya ce a dakata a bincika, sai a ce ai shi ma nasu ne. Tsarin Salem ke nan sak: kowa na jifa don kada a jefe shi.

A 1711 hukumar Massachusetts ta biya wasu iyalai diyya, amma diyya ba ta ta da wanda aka rataye. Magana zarar bunu ce. Kafin ka tura zargi gaba, tambayi kanka: wa ya gani da idonsa, kuma wa zai ci riba idan aka yarda?