Bakanikai Ku Daina Jefar Mana Da Tamostat

Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi kira ga bakanikai da 'yan uwana masu motocin neman abinci a nan Taura da kewaye.

Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ina da 'yar Golf da nake ɗaukar kaya zuwa kasuwar Gujungu ran Lahadi. Wata rana da bazara, ban yi nisa ba sai na ga allurar zafi ta haye ja, tururi na tashi. Bakaniken da na kira ya kwance wani ɗan ƙarfe mai sifirin, ya wurgar a ciyawa, ya ce wai tamostat ne, don ƙasashen Turai masu ƙanƙara aka yi shi, mu nan ba ya da amfani. Ya kuma haɗa mini fanka kai tsaye, da an murza makulli sai ta kama juyawa. Na biya na yi godiya.

Da hunturu ya shigo sai na ga ta kaina. Allura ba ta ko ɗagawa, mota ba ƙarfi da safe, fulogi na yin baƙi, man da ke kai ni ya dawo da ni ya daina isa. Kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ribar tawa duk a gidan mai take ƙarewa.

Sai da na gamu da wani dattijon bakanike a Ringim ya warware mini zare da abawa. Ashe tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Akwai wani irin kaki a cikinsa. Idan inji na da sanyi ƙofar a rufe take, don ya yi saurin ɗumi. Idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon lambar da aka buga a jikinsa, sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce. To jama'a, zafin garinmu ko a watan Afrilu digiri 40 ne da 'yan kai, inji kuwa kusan 90 yake so ya yi aiki. Ina maganar cewa don Turai kaɗai aka yi shi? Injin da bai ɗumama ba mai yake zuƙa fiye da ƙima, kuma yana saurin cinyewa.

Nawa dai ya maƙale ne a rufe, maganinsa sabo, ba jefarwa ba. Na maƙwabcina ya fi muni. Shi lagiretonsa ne ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, amma aka cire tamostat aka ce an gama. Yana kan hanyar Kano da kwandunan tumatur mota ta sake tafasa, gasket ya ƙone, farin hayaƙi na fita ta salansa, baƙin mai ya koma kamar koko. Tumatur ya ruɓe a bakin titi, ga kuɗin gyaran inji, ga bashin manoma.

Saboda haka ga abin da na koya. In allura ta haye, ka sauka gefen titi ka kashe mota. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsalle ya sale maka fuska, kuma kada ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, zai iya tsagewa. Bayan ta huce, a duba ko ruwa ya ragu, ko tiyo na yoyo, ko fanka na tashi, ko bel ya saki, ko famfon ruwa na zuba, ko murfin lagireton ya mutu, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe fuskarsa. In duk waɗannan lafiya, ga inji na tafasa amma lagireto bai yi zafi ba, to a zargi tamostat. Gwajinsa ba wuya: a saka shi a tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. Wanda ya ƙi, a sake shi da mai lamba irin tasa, a sa sabon roba ko gasket, ɓangaren sifirin ya dubi inji, a zuba ruwan kulan, a fitar da iskar da ta shiga, a mai da fanka kan wayarta ta asali.

Ban ce bakanikai ba su da hujja ko kaɗan ba. Jabun kaya sun yi yawa, kuma in mota ta tsaya a daji da dare, a cire shi don a isa gida ba laifi. Laifin shi ne a bar ta haka har abada. Mu ma masu mota muna da namu, muna son gyaran araha, alhali araha ba ta ado. Ni da na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo mini mai kyau, allura ta dawo tsakiya ta zauna, shan mai ya ragu.

Ina roƙon shugabannin bakanikai na Taura da Ringim da Dutse su riƙa koya wa yaransu wannan gwaji na tukunya. Kai kuma mai mota, in an ce za a cire, ka ce a gwada a gabanka tukuna. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a nemanmu, amin.

Naku mai karatu kullum,
Wani ɗan kasuwa daga Taura, Jihar Jigawa.