Oga, Ba Raini Ba Ne

A ajinmu akwai waɗanda tun firamare ake ce wa marasa natsuwa. Sun girma, abin bai tafi ba. Likitoci na kiransa ADHD: hankali ya ƙi zama wuri guda, a manta saƙo, a fara aiki uku a bar su rabi. Ni ma ina ciki.

Lokacin IT ne asiri ke tonuwa. A shagon buga takardu a Samaru, oga zai jero maka aiki biyar da baki, kafin ka zauna uku sun gudu. Sai a ce raini ne. A ganina, in ya rubuta su a takarda ba abin da zai rage masa, mu ma mu daina jin kunyar roƙon hakan. Waya cikin jaka, aiki minti 25, a miƙe a sha ruwa, a dawo. Wurin aikin ma a duba: abokina da zaman ofis ya gagara, yanzu yana gyaran waya a Sabon Gari, sai ya yi awa uku bai ɗago kai ba.

Amma don Allah kar a nufi kemis neman “maganin karatu”. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, su za su tabbatar ko ADHD ɗin ne.